Shekara bakwai ina kai ƙara wurin Allah, wanda ya zalunce ni kuma sai gaba yake yi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyar, abin da ya bari kuma gona ce guda ɗaya a bakin gari. Da gari ya cim mata ƙasa ta yi daraja, sai ga wani mai hali da takarda, wai marigayi ya sayar masa tun yana raye. Wallahi Malam har daminarsa ta ƙarshe shi ya noma ta, ni nake aika masa da fura. Muka shiga kotu, aka yi ta ɗaga zama, bara aka ba shi gaskiya. Ya yanka ta fuloti-fuloti yana sayarwa, ni kuwa da tuyar awara nake ciyar da yaran.

Shekara bakwai ke nan ina tashi cikin dare ina gaya wa Allah. Mutumin nan ko ciwon kai ban ji ya yi ba, bana ma ya sake zuwa Umra. Yanzu in na ɗaga hannu sai zuciyata ta ce mini wahalar banza nake yi, sai tsoro ya kama ni ko na bar Musulunci. Babban ɗana ya fara wasa da salla, yana cewa addu'ar talaka ba ta wuce rufin ɗaki. Wata ta ce zunubina ne ya tare addu'ar, wata ta ce in yafe kawai, wata kuma ta ce za ta kai ni wurin wanda zai yi masa aiki cikin kwana bakwai. Shin ina da laifi a kan abin da zuciyata take raya mini? In ci gaba da addu'ar ko in haƙura? Kuma ya halatta in yi masa mummunar addu'a shi da zuriyarsa?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayun nan, ya sanyaya miki zuciya. Ni ba alƙali ba ne, ban kuma ji ta bakin wancan mutumin ba, saboda haka amsata a kan abin da kika faɗa take.

Ba ki bar Musulunci ba, 'yar'uwa. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wasu sahabbai sun gaya wa Annabi (SAW) suna jin wani abu a zukatansu wanda ɗayansu yake ganin girman ya furta shi. Ya ce: “Kun ji hakan?” Suka ce e. Ya ce: “Wannan shi ne tsantsar imani.” Malamai suka ce ƙyamar abin da tsoronsa su ne imanin da ake nufi. Wanda imaninsa ya tafi ba ya firgita, ba ya rubuto wa malami takarda. Ki nemi tsari daga Shaiɗan in tunanin ya zo, kada ki zauna kina jayayya da shi. Ita kanta tambayar “sai yaushe?” Alƙur'ani ya hakaito ta daga bakin zaɓaɓɓun bayi: a aya ta 214 ta Suratul Baƙara, tsanani ya girgiza su har Manzo da muminan da suke tare da shi suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya ce: “Ga Allah kaɗai nake kai kukan baƙin cikina da damuwata.” Abin da aka hana shi ne tuhumar Allah da rashin adalci. Kai masa kuka, ko da hawaye ne da majina, ibada ce.

Addu'a kuwa kada ki bar ta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ana amsa wa ɗayanku muddin bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa mini ba. A lafazin Muslim an fassara gaggawar da cewa mutum ya gaji ya bar addu'ar. Abin da zuciyarki take kiranki zuwa gare shi ke nan.

Amma ya kamata mu fahimci alkawarin da aka yi mana, domin a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa duk Musulmin da ya yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta, Allah zai ba shi ɗayan uku: ya gaggauta masa abin da ya roƙa, ko ya ajiye masa sai lahira, ko ya tunkuɗe masa wani sharri gwargwadonta. Sahabbai suka ce, to ashe sai mu yawaita. Ya ce: “Na wurin Allah ya fi yawa.” Amsa tabbas ce, sai dai siffarta da lokacinta ba a hannun mai roƙo suke ba. Mu kuwa guda ɗaya muke ƙirgawa cikin ukun, wadda ido yake gani. In kika ce shekara bakwai ba a amsa ba, abin da kika tabbatar kawai shi ne gonar ba ta dawo ba tukuna.

Wadda ta ce zunubinki ne ya tare addu'ar ta faɗi abin da ba ta da ilimi a kai. Gaskiya ne cin haram yana hana karɓar addu'a, kowa kuma ya binciki kansa. Amma wa ya leƙa ya gano mata dalilin jinkirin taki? Muslim ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Annabi (SAW) ya roƙi Ubangijinsa abu uku: kada a halaka al'ummarsa da fari, kada a halaka ta da ambaliya, kada kuma a sanya yaƙi a tsakaninsu. Aka ba shi biyu aka hana shi na ukun. Wane zunubi za ta ce ya tare wannan? Ballantana ke matsayinki na wadda aka zalunta ne, kuma da Annabi (SAW) zai aiki Mu'azu ɗan Jabal ƙasar Yaman ya ce masa ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. A wata ruwaya ta Ahmad ma an ce ana amsa ta ko da mai yin ta fajiri ne, fajircinsa yana kansa.

Ina son ki riƙe labarin Khabbab ɗan Aratti, don ya yi kama da naki. Maƙeri ne a Makka, ba shi da dangi masu ƙarfi. Ya yi wa wani babba cikin Ƙuraishawa aiki, Asi ɗan Wa'il, ya je karɓar kuɗinsa. Asi ya ce ba zai biya ba sai ya kafirce wa Muhammadu. Khabbab ya ce ba zai kafirta ba har Asi ya mutu a tashe shi. Sai Asi ya mai da abin ba'a: ashe za a tashe ni? To bari sai can, za a ba ni dukiya da 'ya'ya, sai in biya ka. A kansa aya ta 77 ta Suratu Maryam ta sauka. Wannan Khabbab ɗin shi ne ya ba da labarin yadda suka tarar da Annabi (SAW) ya yi matashi da mayafinsa a inuwar Ka'aba, azaba ta ishe su, suka ce: ba za ka nema mana taimako ba, ba za ka yi mana addu'a ba? Ya ba su labarin mutanen farko da ake tsaga su da zarto ba su bar addininsu ba, ya yi rantsuwa cewa Allah zai cika wannan al'amari har matafiyi ya tashi daga San'a zuwa Hadaramaut ba ya tsoron kowa sai Allah, sai kuma kyarkeci a kan dabbobinsa. Ya rufe da cewa: “Sai dai ku kuna gaggawa.”

Khabbab ya ga cikar alkawarin da idonsa. Amma shi ɗin dai ya ce a cikinsu akwai waɗanda suka mutu ba su ɗanɗani komai daga ladansu a duniya ba, ya ambaci Mus'abu ɗan Umair, wanda aka kashe a Uhudu aka rasa likkafanin da zai ishe shi: in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, har aka rufe ƙafafun da ciyawa. Don haka ba zan yi miki alkawarin da Allah bai yi ba. Hausawa suna cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Gaskiya ne, amma babu wanda ya ce lallai ranar a duniya take. Akwai azzalumin da yake mutuwa a kan katifa mai laushi, a cika masallaci a jana'izarsa. Malamin da ya ce miki nan da wata kaza za ki ga bayansa, ƙarya ya yi wa gaibu. Abin da yake tabbas shi ne aya ta 42 ta Suratu Ibrahim, kada ka zaci Allah ya gafala daga abin da azzalumai suke aikatawa, da hadisin Abu Musa cewa Allah yana yi wa azzalumi talala, in ya damƙe shi ba ya kuɓucewa. Lafiyarsa da Umrarsa ba shaidar yardar Allah ba ce, Umra kuma ba ta wanke haƙƙin mutane.

Hukuncin kotu ma bai halatta masa ko taƙi ɗaya na gonar ba. Ummu Salama ta ruwaito Annabi (SAW) yana cewa kuna kawo mini ƙara, wataƙila waninku ya fi wani iya tsara hujja in yanke masa bisa abin da na ji. Duk wanda na yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yanki ne na wuta na yankar masa. In hukuncin Annabi bai mai da haram halal ba, ina ga takardar kotu?

Yi masa addu'a ya halatta. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana mummunar magana a kan wanda ya zalunce shi. Annabi (SAW) ya yi wata guda yana alƙunut a kan ƙabilun Ri'ilu da Zakwan da Usayya bayan sun kashe sahabbai makaranta Alƙur'ani kusan 70 a Bi'iru Ma'una, shekara ta 4 bayan hijira. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar Khalil, mai salla yana iya roƙon abin da ya so ko na duniya ne, ya ambaci sunan wanda ya so, sallarsa ba ta ɓaci. Sai dai akwai iyaka. Kada ki roƙa masa mutuwa a kan kafirci, kada ki wuce gwargwadon abin da ya yi miki, kuma ki cire zuriyarsa daga bakinki, don wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Ke ma uwar marayu ce. Da wata mata ta kai Sa'idu ɗan Zaid ƙara gaban Marwan, gwamnan Madina, a kan ƙaryar ya ci mata fili, addu'arsa da sharaɗi ya fara ta: “Ya Allah in ƙarya take yi...” Ki yi koyi da wannan. A ganina mafi amfani gare ki ki roƙi Allah ya dawo wa yaran da haƙƙinsu ta inda ya so, ya isar miki a kansa. Makantarsa ko karayarsa ba za ta sa wa yaranki tuwo a kwano ba.

Masu cewa ki yafe, su sani yafiya falala ce, ba a tilasta wa kowa ita. Sannan gonar ba taki ba ce ke kaɗai. Rabon matar mamaci mai 'ya'ya tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas. Shi kike da ikon yafewa in kin so. Rabon yaron da bai balaga ba kuwa babu mai ikon kyautar da shi, ko uwa ko waliyyi. Abin yana ba ni haushi yadda a unguwanninmu kowa ya iya ce wa mai rauni “ki yi haƙuri”, amma a rasa mutum ɗaya, ko liman ko mai unguwa, da zai zaunar da mai kuɗin ya karanta masa aya ta 10 ta Suratun Nisa'i, cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu.

Wurin mai “aikin kwana bakwai” kuwa haramun ne ki je, ko da carbi da allo yake zaune. A hadisin abubuwa bakwai masu halakarwa, sihiri da cin dukiyar maraya a jere ɗaya suke. Shi ya faɗa ɗaya, kada ya ja ki ki faɗa ɗayan.

Addu'a ba ta hana bin sababi. Ki nemi lauya tun yanzu a kan ɗaukaka ƙara, domin tana da wa'adi, in ma ya wuce ya duba miki ko za a iya neman ƙarin lokaci. Akwai lauyoyi da ƙungiyoyi masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ki tattara maƙwabtan gonar da suka ga marigayi yana noma ta har daminarsa ta ƙarshe, tun suna raye, a kuma binciki sa hannun da ke takardar da shaidunta. Dangin mahaifin yaran su shigo ciki, nauyinsu ne. Tsayuwar darenki kuma kada ki mai da ita azaba: mai tashi da asuba ta haɗa wuta tana buƙatar barci. Raka'a biyu a sulusin dare na ƙarshe, da addu'a a cikin sujada da tsakanin kiran salla da iƙama, in kika dawwama a kai, sun fi dogon dare da za ki yi mako guda ki gaji.

Ɗanki kuma kada ki kira shi kafiri, kada ki yi masa baki. Yaro ne da ya ga an cinye gadon ubansa manya sun yi shiru, zafin nan ne yake magana. Ki nusar da shi da taushi cewa maganar tasa mai nauyi ce ya nemi gafara, ki ba shi labarin Khabbab, ki haɗa shi da wani kawunsa ko malaminsa da yake jin maganarsa. Ranar da za ki je wurin lauya ki tafi da shi, shi zai riƙe takardun.

Wallahu a'alam.