Amsa ga mai rofar da ke sauka daga Fix in ya yi nisa

Ɗan'uwa, wallahi ina karanta tambayarka na ji raina ya sosu. Ka ce na'urorinka na GPS na awon fili, bes (wadda ake kafawa wuri ɗaya tana tura gyara) da rofa (wadda kake yawo da ita tana karɓa), ba kamfani ɗaya ba ne, a kusa suna jin juna, da ka ɗan yi nisa sai Fix (awon da ya zauna daidai) ya koma Float (wanda bai zauna ba), sim ma ya ƙi hawa. Na san wannan ciwon.

Wanda ya sayar min da rediyon waje mai wat 35 har rantsuwa ya yi wai ya saita komai. Muka shiga fili, mai aiki na tsaye a kaina, yara riƙe da turaku, fitilar TX ta turawa na ƙiftawa a bes, ta RX ta karɓa a rofa ko motsi. Na kira shi, wai zafin rana ne. Na sake kira, wai ni ne ban iya aiki ba, alhali waya na kan sifika kowa na ji. Daga nan ya daina ɗauka. Ashe a faɗin tasha, rediyon na kan 25 kHz, rofa na kan 12.5. Kallon da mai aikin ya yi min kafin ya shiga motarsa har yau bai bar ni ba. Allah ya isa.

To kai dai kar ka yarda da lambar tasha. Tasha ta 1 a wannan kamfani ba ita ce ta 1 a wancan ba, kuma in firikwansin ya kusa da juna suna iya jituwa a kusa, su rabu a nesa. Rubuta lambar firikwansin da hannunka a duka biyun. Furotokol ma, wato yaren da rediyoyin ke magana da shi, ya zama ɗaya, ko TrimTalk ko Satel ko Transparent, haka FEC, tsarin gyara kuskuren saƙo.

Eriya kuma ɗaga ta sama, tsayinta ya fi ƙarin wat amfani. Kuma don Allah kar ka kunna rediyo babu eriya a jiki, ƙonewa yake. Batirin 12V da ya gaji shi ma munafuki ne, rediyo na fara turawa sai wuta ta faɗi.

Af, duba daɗewar gyaran nan da kwantirola (na'urar hannun da kake sarrafa rofa da ita) ke nunawa, wato Age. In yana wuce daƙiƙa 1 ko 2 yana ta hawa, wataƙila bayanan taurarin GPS, GLONASS, Galileo da BeiDou sun yi wa saurin rediyo na 9600 yawa. Kashe ɗaya ka gani.

Maganar sim: cire PIN, sa APN (saitin intanet na layin) daidai, yawanci fot 2101 ne a NTRIP (hanyar karɓar gyara ta intanet), sunan mawunfoyin (tashar gyaran da za ka zaɓa) harafi da harafi. In VRS ne, wato bes ɗin da sabar ke ƙirƙira kusa da kai, sai rofa ta tura GGA, saƙon inda take, kafin a ba ta komai. Sim biyu kuma ba sa haɗuwa kai tsaye galibi, sai ta kasta, sabar da ke raba gyaran. Ni yanzu hotsifot ɗin waya nake ba kwantirola, hankalina ya fi kwanciya.

Ɗauko hoton shafin rediyo na bes da na rofa ka saka a nan mu duba tare.