Amsa ga mai tambaya kan karrama malaman makarantun gwamnati

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka: ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai tana son ta riƙa ba da lambar yabo duk shekara ga malamin makarantar gwamnati da ya fi ƙwazo a ƙaramar hukumarku, kun tara ɗan abin da ya samu, kana neman shawarar ta ina za ku fara da kuma me za ku bayar. Allah ya saka muku da alheri. Na koyar a firamare, na riƙe hedimasta har na yi ritaya, na kuma zauna a kwamitin irin wannan karramawa a wajenmu.

Ku ajiye maganar kyauta tukuna, ku fara da yadda za a zaɓi mutumin. Malamai sun san junansu sarai. Sun san wanda ƙarfe bakwai da rabi take yi masa a bakin aji, sun san wanda sai ya gama sayar da taki a kasuwa yake leƙowa ya sa hannu a rajista. Ranar da kuka kira suna suka kalli juna suka yi murmushi, to lambar ta mutu, ko da mota kuka bayar. Shekara mai zuwa babu malamin kirki da zai kula ku.

Hanyar da kowa ke fara bi ita ce a aika wa hedimastoci takarda, kowa ya turo sunan malami ɗaya. Ni da na riƙe kujerar nan nake gaya maka, kada ku tsaya a nan. Hedimasta mutum ne. Wanda zai fara faɗo masa a rai shi ne mai taya shi cike takardun ofis, mai raka shi taro, wanda ba ya musu da shi. Wani ma tsoron gori zai sa ya turo wanda ya fi daɗewa a aiki, a zauna lafiya. Makarantun ƙauye kuwa sau da yawa takardar ba ta isa sai an rufe karɓa. Ku bar hedimasta ya kawo suna, amma kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, shi ma ya kawo nasa, malamai kuma su rubuta nasu a ɓoye, kowa a 'yar takarda. Inda sunaye biyu suka haɗu, ku buɗe ido.

Hanya ta biyu da nake tsoro ita ce auna malami da sakamakon jarrabawar shiga sakandare. Malamin aji shida girbi yake yi, waɗanda suka yi shukar suna aji ɗaya zuwa uku, kuma su ne ba a taɓa kiran sunansu. Ban da haka, da zarar an ɗaura kyauta irin babur a kan sakamako, kun buɗe ƙofar satar amsa da hannunku, sannan yaron da ba ya ganewa za a tura shi bayan aji a manta da shi.

Abin da ya yi mana aiki shi ne duba inda malami ya karɓi yara da inda ya kai su. A farkon zangon farko, 'yan kwamiti su shiga ajin wanda aka kawo sunansa, su ɗebi yara daga rajista da kansu, ba waɗanda malamin ya nuna ba. A ba yaro harufa ya karanta, sai gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, sai kalma, sai jimla, sai ɗan gajeren labari da Hausa a tambaye shi abin da ya gane. A lissafi, tarawa da ɗebewa sun isa. A rubuta matakin da kowane yaro ya tsaya. A zango na uku a dawo wa yaran nan ɗin, a sake. Malaman Bauchi da Sakkwato da suka yi shirin koyar da yara karatu na Mu Karanta sun san irin wannan gwajin, kuma bai fi ƙarfin malamin da ya yi ritaya ba. Da haka ne malamin da ya karɓi yara fiye da ɗari a ƙasa ba benci zai iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da na makarantar cikin gari da 'ya'yan ma'aikata suka cika.

Amma ku yi wa malamai bayani tun kafin ku shiga. Tun abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnati ta yi wa malaman firamare jarrabawa aka ce sama da dubu 21 sun faɗi aka sallame su, malami ya ga baƙo da takarda a ƙofar ajinsa sai gabansa ya faɗi. Ku nemi izinin sakataren ilimi a rubuce, ku zauna da shugabannin ƙungiyar malamai ta NUT na reshenku, ku faɗa a fili cewa babu abin da kuka gani da zai je fayil ɗin kowa sai alheri.

Sai ziyarar ba-zata. Kada ku je ranar da aka san za ku zo, don ranar har almajirin unguwa sai an ara masa yunifom. Ku je ranar kasuwar garin, ku je Juma'a, ku je da damina lokacin da hanya ta lalace. Ku ƙirga yaran da ke zaune ku gwada da rajista. Ku karɓi littattafan rubutun yara ku buɗe: akwai jan biro? Akwai kwanan wata? An gyara wa yaro kuskure ko maki kawai aka zabga masa? Littafin shirin darasi ana iya kwafe shi a dare ɗaya, littattafan yara tamanin ba su kwafuwa. In kun fito, ku sa mace a cikinku ta shiga gidaje biyu uku ta ji ta bakin iyaye mata. Su ne suka san malamin da ya biyo sawun yarinya da aka cire aka ɗora wa talla.

Ta wannan hanyar muka gano wata malama mai koyar da aji biyu a wani ƙauye da ba a shiga da mota in ruwa ya sauka. Hedimastanta bai kawo sunanta ba, ba don ƙiyayya ba, ita dai ba mai magana ba ce a taro. Da marafan kwalba da guntayen kara take koyar da lissafi, ta raba yaran gida-gida, masu ganewa suna jan na baya. NCE ɗinta ma ta NTI ta yi, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa, tana koyarwa tana zuwa karatu Asabar da Lahadi. Da aka kira sunanta, malaman ne suka fara tashi tsaye kafin manyan baƙi.

Kwamitin zaɓe ya zama ƙarami, tsofaffin malamai maza da mata, kuma kada kowa ya duba makarantar mazaɓarsa. Ku ware musu kuɗin mai, don wannan yana cin kuɗi fiye da yadda ake zato. Ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa a gode, a ba shi kujera a gaba ranar taro, amma kada ya ga jerin sunaye kafin kowa. In gudummawar ta zo da suna a bayanta, ku mayar masa da abinsa cikin mutunci.

Kada ku manta da malaman sa-kai da waɗanda ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA ke biya ɗan abin sabulu. A wasu ƙauyuka su ke riƙe da makarantar. Ku yi musu rukuninsu daban, ko da kyautar ba ta kai ta sauran ba.

Yanzu ga kyautar. Na san an saba jin manya: ta shugaban ƙasa da ake bayarwa a Abuja ranar malamai ta duniya har da motoci, ga ta Maltina da aka fara a 2015 don malaman sakandare, ga ta duniya mai dala miliyan ɗaya da Peter Tabichi na Kenya ya ci a 2019. Kada waɗannan su ruɗe ku. Ku ba da abin da za ku iya maimaitawa shekara goma ko da babban mai ba ku gudummawa ya janye. Malamin ƙauye babur ne ke canza masa rayuwa. Malama kuma ku tambaye ta, wata kuɗin ta fi so ta biya wa 'ya'yanta makaranta. Ko mene ne, a miƙa shi a wurin, makulli a hannu. Alkawarin fili ko kujerar Makka da za a yi ta sintiri a kai ya zubar da mutuncin irin wannan taro ba sau ɗaya ba. Ku kuma haɗa da wani abu na makarantar, tabarmi ko alli ko gyaran rufin aji ɗaya. Yana rage hassada a ofishin malamai, kuma gaskiya ce ba shi kaɗai ya yi aikin ba.

Akwai abu ɗaya da ba a cika tunawa da shi ba. Malami ya ci lambar yabo, kafin zango ya ƙare sai ka ji an ɗauke shi an kai shi makarantar cikin gari, ko an ba shi tebur a ofishin ilimi, ƙauyen da ya bari ya koma gidan jiya. Ku yi wannan maganar da sakataren ilimi tun farko. Abin da ya kamata ku roƙa shi ne takardar yabo ta shiga fayil ɗin malamin, a aika kwafi zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta yi masa amfani ranar ƙarin girma, shi kuma a bar shi a ajinsa in dai ba shi ya nemi canji ba.

Ranar taro, 5 ga Oktoba ta dace, tunda ita ce ranar malamai, kuma ta ba ku dogon hutu ku tattara sakamakon shekarar da ta wuce. Ku yi shi a filin makarantar wanda ya ci, ba a sakatariya ba, hakimi da dagaci da iyayen yara suna zaune. Jawabi biyu ya isa. Wanda ya ci ya huta shekara uku kafin ya sake shiga, ya zauna a kwamiti in yana so. Duk waɗannan ƙa'idoji ku rubuta su da Hausa a shafi ɗaya, ku liƙa a kowace makaranta kafin a dawo daga hutu, don gwajin farko a makonnin farko na zango ake yin sa.