Fatawa: Kafa Ƙungiyar Tallafa wa Marayu da Biyan Albashi Daga Zakka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mu matasa ne a Kano, mun jima muna karo-karo muna kai wa marayun unguwarmu abinci da kuɗin makaranta. Yanzu muna son mu kafa ƙungiya mai rajista, amma wasu sun ce bidi'a ce. Kuma masu hali sun fara miƙo mana zakka. Shin za mu iya biyan sakatare da hayar ofis daga ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri.

Kafa ƙungiyar halal ne, abin so ma ne. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2, a taimaki juna a kan aikin alheri da taƙawa. Manzon Allah (SAW) yana matashi ya halarci Hilful Fuduli a gidan Abdullahi bin Jud'an, inda Ƙuraishawa suka ɗaura alƙawarin tsaya wa wanda aka zalunta, kuma bayan annabta ya yabi wannan zama. Ƙungiya ba ibada ba ce da za a nemi nassi a kan siffarta, hanya ce ta isar da alheri, hukuncinta na bin manufarta. Rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 ma babu laifi. Ni dai ina ganin ita ce ta fi, domin asusun banki zai zama da sunan ƙungiya, ba na shugaba ba. Idan ya rasu, kuɗin marayu ba za su shiga rabon gado ba.

Maganar zakka ce ke son natsuwa. Suratut Tauba, aya ta 60, ta iyakance masu karɓa zuwa kashi 8. Maraici shi kaɗai ba ya cikinsu. Maraya matalauci yana ci saboda talaucinsa, wanda mahaifinsa ya bar masa gidaje da shaguna kuwa ba ya ci, sai dai kulawa da kyautatawa.

Za ku ce ai ayar ta ambaci ma'aikatan zakka. Haka ne, amma a wurin mafi yawan malamai, ma'aikacin shi ne wanda shugaba ya naɗa don tarawa da rabawa, kamar jami'an Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano. Ku da Alhaji ya kira ya ba ku ambulan, wakilansa ne ku, wakili kuwa yana isar da abin da aka ba shi ne cif. Saboda haka babu albashi, babu haya, babu man babur daga zakka, sai in hukuma ce ta ɗora muku aikin. Malikiyya sun tsananta a nan, har ginin masallaci da makaranta ba su yarda a yi da ita ba.

To, sakatare iska zai ci? A'a. Ku buɗe asusu biyu: ɗaya na zakka zalla, ɗaya na sadaka da kuɗin wata na 'yan ƙungiya. Daga na biyun za a biya shi daidai da wahalarsa, da sharaɗin masu bayarwa sun san ana cire kuɗin gudanarwa. Umar (RA) da ya yi waƙafin gonarsa ta Khaibara ya yarje wa mai kula da ita ya ci gwargwadon al'ada, ba ya tara dukiya ba. Duk abin da mai bayarwa ya ayyana, a nan za a kashe. Kuɗin magani ba za su koma sayen kujeru ba sai da izininsa. A riƙa rubutawa, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a.

Goron da ake damƙa wa mai karɓo kuɗi a keɓe shi ma na ƙungiya ne. Hadisin Ibnul Lutbiyya a Bukhari da Muslim ya yanke wannan: ma'aikacin zakka ne da ya dawo ya ce wani abu kyauta aka ba shi, sai Annabi (SAW) ya ce ya zauna a gidan iyayensa mana, ya ga ko za a kawo masa.

Ga abin da ba ku tambaya ba. Jera yara riƙe da ledar shinkafa a ɗauki hotonsu a watsa a Facebook yana kusa da gori da cutarwar da Baƙara, aya ta 264, ta ce suna ɓata sadaka. Idan masu tallafi na son shaida, a nuna musu rasit da hoton kayan, a rufa wa yaran asiri.

Wallahu a'alam.