Takalmin zomon da na shuka a gindin mangwaro ya ɓace, ya mutu kenan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni a Zariya nake. Tsakiyar daminar da ta wuce ƙanwar maigidana ta kawo min saiwar wani tsiro daga wajen Kaciya, tace takalmin zomo ne, wai yana fure ruwan ɗorawa mai kyau. Na binne a gindin mangwaron tsakar gidanmu, yayi ganye shar amma fure ko ɗaya, ruwa na ɗaukewa sai ganyen ya soma ƙonewa, yanzu ko alamarsa babu. Tun lokacin kullum sai na zuba masa ruwa safe da yamma amma shiru. Ya mutu ne ko akwai abinda zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko dan Allah ki ajiye bokitin nan, daga yau kar ki ƙara zuba masa ruwa har sai damina ta faɗi. Ɓacewar da yayi ba mutuwa bace, haka halittarsa take, tsiron daji ne da ya saba da wata biyar zuwa shida babu ɗigon ruwa, da zarar iskar hunturu ta kaɗo sai ya zubar da ganye ya tattara abincinsa a saiwa ya kwanta barci a ƙasa. To saiwar da take barci bata shan ruwa, duk wanda kika zuba zama yake a jikinta ga sanyin Disamba da Janairu ga inuwa, ƙarshenta ta ruɓe. In har wani abu ya kashe shi to ruwan ne ba rani ba.

Ga yadda zaki gane. Ki sa yatsa ko ɗan tsinke, banda fartanya, ki tone a hankali, kuma kar ki tsaya daidai inda kika binne saboda saiwar tafiya takeyi a kwance ƙarƙashin ƙasa, ki duba kamar taƙi guda ta kowane gefe. Abu ne siriri dogo mai gaɓa-gaɓa an lulluɓe shi da ɓawo ƙasa-ƙasa, ki matsa shi da yatsu biyu, in kinji tauri kuma kika ga tsinin bakinsa a cike to yana nan da ransa. In ya lotsa yana fidda ruwa yana wari wannan ɓangaren ya tafi, ki yanke shi da wuƙa mai tsafta har inda naman yake da ƙarfi, ki barbaɗa toka a bakin yankan, ki shanya a inuwa kwana biyu sannan ki sa a busasshen yashi cikin tsohuwar tukunya ki ajiye a lungu.

Wannan tsiron ba ƙaramin abu kika samu ba fa. Masana tsirrai suna ce masa Costus spectabilis, kuma shine furen ƙasa na Najeriya, in kika duba tambarin ƙasar nan da ake amfani dashi tun 1960, ƙasan ƙafafun fararen dawakin nan biyu akwai furanni cikin ciyawa, to shine, sai dai masu zane sun saba yi masa ja alhali shi ruwan ɗorawa ne. Ɗan uwan wani tsiro ne da ake kira kakizuwa, kuma suna da dangantaka ta nesa da citta.

Yanzu maganar wuri, wadda nake ganin ita ce ta biyu a muhimmanci. Mutane suna jin ance tsiro na son inuwa sai su kai shi gindin mangwaro, alhali inuwa iri-iri ce. A daji inda yake fitowa da kansa, irin dazukan doka da maje da kaɗanya na kudancin Kaduna da gefen duwatsun Filato, rana tana ratsowa ta tsakanin ganye tana sauka tabbare-tabbare a ƙasa, kuma farkon damina bishiyoyin basu gama rufewa ba. Mangwaro kuwa duhu ne rani da damina, ga jijiyoyinsa sun mamaye saman ƙasa suna wawashe komai, darbejiya ma haka take ko ta fi. In gidan babu wata bishiyar, ki matso dashi bakin inuwar, can inda ƙarshen rassa yake, ta ɓangaren gabas, ya samu hantsi zuwa wajen ƙarfe goma sannan inuwa ta rufe shi kafin azahar. Jikin katangar da ke kallon gabas ma yayi, in dai ba ƙarƙashin indararo bane.

Rashin furen kuma kar ya dame ki, da farkon damina yake yi, lokacin da ganyen nan huɗu suke buɗewa suna kwanciya a ƙasa, ke kuma an kawo miki shi a tsakiyar damina, kinga lokacin ya riga ya wuce. Furen daga tsakiyar ganyen yake fitowa ba kara ba reshe, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, laushi kamar tsumman siliki, kowanne baya daɗewa yake yaushi sai wani ya biyo bayansa. Wanda baya leƙawa da safe sai yace bai taɓa yi ba.

Ƙasar da zaki haɗa masa mai sauƙi ce, ruɓaɓɓen ganye kashi biyu, yashin rafi kashi ɗaya, ƙasar wurin kashi ɗaya, da ɗan tsohon takin awaki wanda ya shekara ya zama gari. Ɗanyen kashin kaji ƙona shi zaiyi, takin zamani kuma ba sai kin sa ba. Ki ɗan tada wurin yayi tudu yadda ruwan Agusta bazai kwanta ba, a daji ma sau da yawa a jikin tsohon suri ko tsakanin duwatsu ake ganinsa. Ki kwantar da saiwar a kwance, zurfin gaɓar yatsa biyu, ki bar kamar taƙi ɗaya da rabi tsakanin kowacce don ganyen yana buƙatar filin shimfiɗuwa. A Zariya ki jira ruwa ya zauna, cikin watan Mayu kenan yawanci, kar ruwan farko na yaudara ya ruɗe ki. Mutanen Kano da Katsina su sai Yuni, kuma su kam in akayi fashin ruwa sai sun taimaka masa da ban ruwa don daminarsu gajera ce.

Sai abinda nasan zai yi miki wuya, shara. Matanmu basa iya ganin ganye a tsakar gida su ƙyale, kullum da safe tsintsiya, to a wannan ɗan wurin ki hana, ki kewaye shi da duwatsu ko bulo ki bar busasshen ganye ya taru a kai kamar kaurin yatsa biyu. Ki tambayi ƙanwar maigidan naki yadda manoman citta na Kaciya da Kwoi suke rufe kunya da ganye bayan shuka, dalilin ɗaya ne, ƙasa ta riƙe laima ta kuma yi sanyi. Gara zata zo cin ganyen, in bata kusa da ginin ɗaki ba ki barta. Kaji ne matsala, tonon su ɗaya sun fito da saiwar waje, ki kifa tsohon kwando ko ragar waya a kai har ya fito.

In ta tabbata wannan ya ruɓe duka, ki roƙi wani a wajen wanda yake dashi a gona ko bayan gida, a haƙo miki a ƙarshen rani yana cikin barcinsa, gutsure biyu ko uku sun isa don duk shekara ƙaruwa yake. Banda aika yara su kwashe na daji gaba ɗaya, gandun gwamnati irin Kamuku da Yankari kuwa dama doka ta hana cire tsiro a cikinsu.