Amsa: Ɗan dabbar nan mai manyan idanu, ana iya kiwonsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tarsiya da ka gani a bidiyo ɓera ne, kuma ko za a iya ajiye shi a gida. Ba ɓera ba ne, dangin birai ne. Yana zaune a dazuzzukan Filifin, musamman tsibirin Bohol, da kuma tsibiran Borneo da Sumatra da Sulawesi, duk a kudu maso gabashin Asiya. Duk girmansa bai wuce tafin hannu ba.

Idanun nan su ne abin mamaki. Kowanne faɗinsa kusan milimita 16, girmansa ya kai na ƙwaƙwalwarsa, kuma ba ya juyawa a gurbinsa. Sai dai ya murɗa wuya kamar mujiya, har ya kalli bayansa. Da rana yana maƙale a jikin reshe shiru; dare na yi sai ya daka tsalle ya cafke fara ko ƙadangare da hannu biyu. Ganye ko 'ya'yan itace, ko kallo ba su ishe shi ba.

Batun kiwo kuwa, don Allah ka bar shi. A keji, hayaniya da taɓawa da hasken kyamara na firgita shi har ya riƙa buga kansa, ga ƙoƙon kan ba kauri. Macen ma ɗa guda take haifa, bayan cikin wata 6.