Kada ka biya kuɗin gonar nan kafin Agusta

Tambaya: Na kusa yin ritaya, ina so in sayi gona da filin gida a wajen Ringim, in noma abincina, in haƙa rijiya, in sa sola. Dillali ya nuna mini wani wuri mai araha kusa da kogi, yana cewa in yi sauri don akwai masu so. Ta yaya zan gane ko wurin zai riƙe ni da iyalina? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Da rani kowane fili lafiyayye ne. Ka koma a tsakiyar damina, bayan an kwana ana ruwa, ka ga inda ruwa ke kwanciya da kuma ko mota na iya shiga.

Yankin da kake magana yana kan kogin Haɗejiya, kuma ruwan da ke cin gonakinsa ba lallai a nan ya sauka ba. Idan madatsun Tiga da Challawa suka cika suka yi amai, ta yankin Ringim ruwan yake bi, ga ciyawar kacalla ta toshe masa hanya a can gaba. Ambaliyar 2022 ta yi ɓarna sosai a Ringim da Auyo. Arahar nan tana da dalili. Duba jikin tsofaffin katangu da gindin itatuwa, za ka ga layin da ruwa ya bari. Ka tambayi dattawa inda ya tsaya a shekarar, ba a gaban dillali ba. In gonar fadama ce, ba laifi, shinkafa na so. Amma gida da rumbu sai a kan tudu.

Ruwan sha kuwa, akasin haka za ka yi: leƙa rijiyoyin maƙwabta a watan Afrilu. Wadda ba ta ƙafe a lokacin ba, ita ce shaida. Kada ka kira masu haƙa burtsatse sai an yi awon da ke nuna ko akwai ruwa a ƙarƙashin ƙasa.

Ka tabbatar burtali bai ratsa gonar ba, kuma ba gadon da ba a raba ba ne. Dagaci da mai unguwa su shaida cinikin, sannan ka nemi takardar mallaka daga hukuma. Ka auna nisan asibiti da daddare a kan babur. Sola ta jira, ko yaushe ana iya sayenta.

Tambaya: Wane buhu zan saya don ajiye wake na shekara? Ina tsoron maganin ƙwari. Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki. Ba ya buƙatar magani, rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Waken ya bushe ƙayau, ki ɗaure kowace leda daban, ki ɗora a kan katako inda ɓera ba zai huda ba. Kafin ki biya, ki hura ledar ki ga ko tana yoyo.