Shayin rage ƙiba, garin alkama ko na'urar gwajin suga: wanne zan saya?

Wata baiwar Allah daga Birnin Kebbi ta rubuto: "Shekaruna 46, nauyina kilo 92. Bara likita ya ce ina da ciwon suga, ya ɗora ni a kan metformin, ya kuma ce in rage jiki. Na kwashi adashe. Maƙwabciyata ta ce in sayi shayin rage ƙiba, ƙanwata ta ce in bar shinkafa in koma tuwon alkama, ɗana kuma ya ce na'urar gwaji. Wanne zan bi?"

Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki bi maganar ɗanki.

Shayin nan ki manta da shi. Da yawa daga cikinsu ganyen sa gudawa ne ko yawan fitsari, abin da ke zuba ruwan jiki ne, kitse yana nan inda yake. Mai ciwon suga kuwa ƙodarsa ba ta son rashin ruwa.

Alkama ma ba ta da wani sirri. Giram 100 na garinta yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 350, kusan daidai da dawa, gero da masara. Wanda ya ci malmala uku ta alkama don an ce masa "abincin masu suga" ce, sugansa zai hau kamar ya ci tuwon shinkafa. Ba sai kin rabu da shinkafar Kebbi ba, mara ce za ki rage. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kalori 200 ne. Ki zuba wannan a gefen faranti, ki sa kifi ko wake ko ƙwai daidai da shi, sauran rabin farantin ki cika da kwaɗon zogale ko rama ko kabeji da albasa. Ga kifin Argungu da Yauri a kusa, gasasshe ko na miya ya fi soyayye.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne mai. Wata rana na tsaya a madafar yayata, ita ma mai ciwon ce, tana tuttula man gyaɗa daga galan cikin tukunya da ido kawai. Na ce mu auna. Muka samu babban cokali shida, a miyar da take cewa ba ta sa mai ba. Kowane babban cokali na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, ke nan 720 sun shiga tukunya tun ba a zuba tumatir ba. Ki ajiye cokali ɗaya kusa da galan, kada mai ya shiga girki sai ta cikinsa. Sai abin sha: lemon kwalba guda yana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali tara, kalori 140 zuwa 150. Furarki ki sha kaɗan, da nono, ba suga.

Mace mai son rage jiki galibi ana sa ta tsakanin kalori 1,200 zuwa 1,500 a rana, amma ki bar likitanki ya yanke miki naki. In kika rage 500 kullum daga abin da kika saba, za ki riƙa sauke kusan rabin kilo a mako. Kilo biyar zuwa tara daga cikin 92 ɗin nan sun isa ki ga canji a suganki.

Kafin ki biya kuɗin na'ura, ki tambayi mai kemis ko tsinken gwajinta yana samuwa a garin da kuma farashinsa, don shi za ki yi ta saye. Ki gwada da safe kafin karyawa, ana so suganki ya tsaya tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL na na'urar. Ki sake gwadawa awa biyu bayan cin abinci, kada ya kai 180. Ki rubuta abin da kika ci a gefen kowace lamba, ki tafi da littafin ranar ganin likita.

Wani ɗan kasuwa daga Jega kuma ya ce yana shan ƙwayar ciwon suga mai suna glibenclamide, yana so ya daina karin kumallo don ya rame, ya kuma maye suga da zuma.

Alhaji, don Allah kada ka yi haka. Wannan ƙwayar, kamar allurar insulin, tana iya faɗar da suga in ciki ba komai. In ka ji rawar jiki, zufa da jiri, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, ka sha suga ƙaramin cokali uku a ruwa nan take. Ka ci abincin safe, ka rage na dare, ka kuma sanar da likita kafin ka canza cimarka don ya daidaita maka magani. Zuma kuwa babban cokali ɗaya ya haura kalori 60, kuma tana ɗaga suga, don haka ita ma da lissafi za ka sha.